Tsofaffin fayilolin .doc: a mayar da su ODT, DOCX ko PDF?

Duk wanda ya fara aiki da kwamfuta tun kafin 2007 yana da tarin fayilolin da sunansu ya ƙare da .doc. Makaranta na da tambayoyin jarrabawa na shekara da shekaru, ƙungiya na da bayanan taronta, lauya na da takardun cinikin fili, marubuci na da littattafan da ya fitar da waɗanda ya bari rabi. Galibi suna kwance a tsohuwar kwamfuta ko a filashi, ba a waiwayarsu sai ranar da buƙata ta taso. Mai irin wannan ajiya yana da hanyoyi uku idan ya yi niyyar juya su: DOCX, ODT, ko PDF. Yawancin masu ba da shawara ɗaya suke yabo, wadda suka saba da ita, alhali kowace da aikin da ta fi dacewa da shi.

Ba abin tayar da hankali ba ne yau ko gobe. Word na yanzu yana buɗe .doc, LibreOffice ma haka, Google Docs ma haka. Damuwar ta dogon zango ce. Tsarin .doc na Word 97 zuwa Word 2003 ne, kuma kamfanin Microsoft ya gina shi ne don manhajarsa shi kaɗai. Idan ka buɗe irin wannan fayil da Notepad, tarkacen alamomi za ka gani da ɗan rubutu jefi-jefi. Shekaru masu yawa masu haɗa sauran manhajoji lalube suke yi don gano yadda aka jera cikinsa, sai a 2008 kamfanin ya saki cikakken bayanin tsarin ga kowa. An kuma ga abin da ke faruwa idan mai abu ya ga damar janye hannunsa. A 2007, sabuntawar SP3 ta Office 2003 ta toshe buɗe wasu tsofaffin fayiloli bisa dalilin tsaro. A Janairun 2018 aka cire tsohon Equation Editor daga Office, malaman lissafi da na kimiyya suka wayi gari da takardun da ba sa iya gyara lissafin da ke ciki. Publisher ma, wanda shagunan buga takardu suka daɗe suna yin katin biki da kalanda da shi, an sanar da cewa tallafinsa zai ƙare a Oktoban 2026. Sannan ga batun ƙwayar cuta: fayil ɗin .doc yana iya ɗauke da makro, wato ƙananan umarni da ke aiki da kansu idan an buɗe takarda, kuma ta nan aka sha shigar wa mutane da ɓarna. Fayil mai .docx ba ya gudanar da makro. Mai ɗauke da shi sunansa daban, wato .docm.

ODT da DOCX: su wane ne?

ODT shi ne ɓangaren rubutu na tsarin OpenDocument. Asalinsa daga manhajar OpenOffice ne, ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2005, hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta ba shi lamba 26300 a 2006. Ba mallakin kamfani ɗaya ba ne, kwamiti ne ke kula da shi, kuma kowa na iya ɗaukar bayaninsa ya haɗa manhajar da za ta karanta shi ba tare da biyan kowa ba. Shi ne tsarin gida na LibreOffice, manhajar kyauta da ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, wadda gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus ke riƙe da ita. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta ɗauke shi a 2007. Ta Birtaniya ta yanke a 2014 cewa takardun da za a riƙa musaya ana gyarawa su kasance a wannan tsari, waɗanda karantawa kawai za a yi kuma su kasance PDF/A ko shafin intanet. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice.

DOCX kuwa ya zo ne da Word 2007. Mutane da yawa suna ɗauka rufaffen tsari ne kamar .doc, amma a takarda shi ma buɗaɗɗe ne: ƙungiyar Ecma ta amince da shi a 2006, ISO ta ba shi lamba 29500 a 2008 bayan taƙaddama mai zafi tsakanin ƙasashe. Bayanin da aka gabatar ya haura shafi 6,000, na ODT na farko kuwa bai kai 1,000 ba. An kuma raba shi gida biyu. Akwai Strict, wanda aka tsabtace, akwai Transitional, wanda ya kwaso kayan gadon tsohon Word don kada tsofaffin takardu su canja kama. Word na iya ajiye Strict tun daga na 2013, amma idan ka danna Save ba ka zaɓi komai ba, Transitional yake ba ka. Ma'ana, DOCX ɗin da ke yawo a hannun jama'a buɗaɗɗe ne a rubuce, amma a aikace Word ne ke nuna yadda ya kamata ya bayyana, sauran manhajoji suna biye da shi a baya.

Akwai abin da su biyun suka yi tarayya a kai wanda ya raba su da .doc, kuma kana iya gani da idonka. Kwafi wani fayil na .odt, ka sauya ƙarshen sunansa zuwa .zip, ka buɗe. Za ka tarar da wani ɗan fayil mai suna content.xml, rubutunka kaf yana ciki, ana iya karanta shi da Notepad, hotunan kuma suna cikin foldarsu. Yi haka da .docx, za ka samu document.xml cikin folda mai suna word. Ko da wata rana babu Word babu LibreOffice, ana iya tsamo kalmomin. Wannan shi ne babban dalilin barin .doc, ko wane daga cikin biyun ka zaɓa.

Inda suke bambanta a hannu

A wajen mu'amala da mutane DOCX ya yi wa ODT nisa, kuma babu amfanin ɓoye wannan. Malamin da ke duba kundinka, mujallar da za ka tura wa maƙala, maɗaba'a, ofishin da ke karɓar takardar neman aiki, yaron shagon buga takardu a bakin jami'a, duk Word suka sani. A waya ma, Word da WPS Office da Google Docs DOCX suka fi sakewa da shi. Mai son gyara ODT a wayar Android yana da Collabora Office, wadda aka gina a kan LibreOffice, amma ba kowa ne zai sauke sabuwar manhaja don kawai ka turo masa takarda ba. Word yana buɗe ODT tun daga sabuntawar SP2 ta Office 2007 da ta fito a 2009, yana kuma ajiye shi, sai dai yakan yi gargaɗin cewa wasu abubuwa na iya salwanta, kuma da gaskiyarsa.

A wajen mallaka kuwa ODT ne a gaba. Ba ka buƙatar lasisi ko kuɗin wata-wata kafin ka buɗe takardarka yadda take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda kowa ya san Office ɗin da ke kan kwamfutoci da yawa ba saye aka yi ba, wasu ma na 2007 ne ko 2010 da aka daina ba su kariya tun 2017 da 2020. Office 2016 da 2019 ma tallafinsu ya ƙare a Oktoban 2025. Makarantar da ke da kwamfuta ashirin tana iya ɗora LibreOffice a kan dukkansu daga filashi ɗaya, babu intanet, babu kwabo, babu jan saƙon nan da ke cewa ba a yi wa manhaja rajista ba.

To me ke lalacewa idan an juya? Zallar rubutu ba ya lalacewa. Kanun labari, rubutu mai kauri, tebur mai sauƙi, bayanan ƙasan shafi, duk suna tsallakawa lafiya. Abin da ke motsi shi ne shimfiɗar shafi, kuma yawanci laifin fon ne, wato zanen haruffan. Idan an buga takarda da Calibri aka buɗe ta a kwamfutar da babu Calibri, manhaja za ta ɗauko wani fon mai faɗi daban, layuka su zame, shafi 80 ya koma 83. Maganinsa sananne ne: akwai fon na kyauta da aka auna faɗin haruffansu daidai da na Microsoft, Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Sans a madadin Arial.

Takardar da ta fi shan wahala ita ce wadda aka jera da ƙarfin tsiya: an danna Enter sau goma sha biyar don a kai sabon shafi, an tura take tsakiya da maɓallin tazara, an buga jadawalin abin da ke ciki da hannu ana jera ɗigo har zuwa lambar shafi. Irin wannan ko daga Word zuwa wani Word ɗin ma wargajewa take yi. Kundin digiri yana da tasa matsalar ta daban. Shafukan farko lambar Romawa suke ɗauka, daga babi na ɗaya a koma 1, 2, 3. Word yana yin wannan ne ta hanyar yanka takarda sashe-sashe, LibreOffice kuma ta hanyar bai wa kowane rukunin shafuka salonsa. Juyi tsakanin hanyoyin biyu yakan yi daidai, amma nan ne wurin farko da za ka duba. Bayansa sai akwatunan rubutu da ke yawo a kan hoto, kwalliyar WordArt da SmartArt, da makro, wanda kada ka sa ran zai yi aiki bayan juyi.

Abin da na fi hana mutane shi ne kai-komo: yau a ajiye ODT, gobe abokin aiki ya buɗe a Word ya ajiye DOCX, jibi a dawo da shi. Kamar juye man gyaɗa ne daga kwalba zuwa kwalba, kowane juyi sai wani abu ya maƙale a baya. A tsayar da fayil ɗaya a matsayin uwa, a tsari ɗaya, duk wanda za a tura wa a cire masa kwafi.

PDF ba abokin takararsu ba ne sosai, aikinsa daban. Shi na takardar da aka gama ce, wadda ake so ta bayyana iri ɗaya a ko'ina. Shi ma ma'aunin ISO ne tun 2008, kuma yana da nau'i na musamman don dogon ajiya, PDF/A, wanda ya fito a 2005, yana tilasta a cusa fon ɗin cikin fayil ɗin. Word da LibreOffice duka suna fitar da shi, akwati ɗaya za ka yi wa alama lokacin ajiyewa. Illarsa ita ce gyara. Mayar da PDF ya koma takardar da za a yi wa aiki wahala ce, sakamakon kuma ba ya cika kyau. Wanda ya juya komai zuwa PDF ya goge na asali, ya rufe wa kansa ƙofa.

Haruffa masu lanƙwasa

Ga mai rubutun Hausa akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci, kuma babu ɗaya daga cikin tsarukan uku da zai warware masa shi. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun ƙirƙiro fon na Hausa, kuma da irinsu aka buga littattafai da jaridu da kundaye masu ɗimbin yawa. Dabarar zamanin ita ce a ari wani maɓalli da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana harafinmu a gurbinsa. A wasu fon ɗin, } ne ke fitowa a matsayin ƙ, ] a matsayin ɗ, ~ a matsayin ɓ. A wasu kuma q da x da v aka ara. A ido ƙasa kake gani, amma abin da ke rubuce a cikin fayil ɗin }asa ne ko qasa.

Juyi ba ya taɓa wannan. Ka mayar da takardar ODT ko DOCX, }asa tana nan }asa. Muddin fon ɗin yana kan kwamfutarka ba za ka lura ba; ranar da ka tura wa wanda ba shi da shi, sai ya ga "]aya daga cikin ~angarorin }asar". PDF ma yaudara yake yi a nan. Yana nuna haruffan daidai saboda ya ɗauke fon ɗin a cikinsa, amma nemi kalmar ƙasa a ciki ba za ka samu ko ɗaya ba, kwafo sakin layi ka liƙa a WhatsApp sai alamomi irin su } da ] su fito. Mai nema a intanet ma ba zai ci karo da rubutunka ba idan ya rubuta kalmar daidai.

Gyaran shi ne a mayar da haruffan zuwa Unicode, inda kowannensu yake da lambarsa ta dindindin: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, ƴ da ake amfani da ita a rubutun Nijar tana U+01B4, manyansu ma kowanne da tasa. Ana yin sa da Find and Replace, sau shida ko takwas, ƙanana da manya. Amma a yi hattara. Dole a kunna Match case, in ba haka ba Ƙ da ƙ su cakuɗe a takardar da aka ari q. A kashe Use wildcards a Word, ko Regular expressions a LibreOffice, domin a wurinsu alamomin baka irin su } da ] suna da wata ma'ana ta daban. Mafi muhimmanci, a taƙaita neman ga rubutun da ke cikin wancan fon ɗin kaɗai, manhajojin biyu duka suna ba da damar haka. Wanda ya mayar da v zuwa ɓ, x zuwa ɗ, ido rufe a kundi guda zai tarar VOA ta koma ƁOA, shafi na xiv ya koma ɗiɓ, jerin manazarta na Turanci kuma ya zama abin dariya. Bayan an gama sai a sa wa rubutun fon mai ɗauke da haruffan na gaskiya. Charis SIL da Andika da Gentium da Noto duk kyauta ne kuma suna da su. Masu takardun Ajami su ma su duba wannan. Akwai fon ɗin Alkalami da Harmattan na ƙungiyar SIL, na farkon an zana shi ne a kan salon rubutun hannu na yankin Kano.

Ni a ganina, ga marubucin Hausa wannan aikin shi ne na farko. Tsohon .doc mai haruffan Unicode ya fi sabon ODT mai }asa amfani nesa ba kusa ba.

Wa ya kamata ya zaɓi me?

Ɗalibi mai rubuta kundi, wanda malaminsa ke yi masa gyara a Word, ya zauna a DOCX har ya gama. Ba lokacin gwaji ba ne. In ya kare kundin aka sa hannu, ya fitar da PDF/A ya ajiye, shi kuma zai kai wa mai bugawa don kada lambobin shafi su zame a kwamfutar shago.

Makaranta, ƙungiya ko ofishin da takardunsa a cikin gida suke yawo, kuma zai iya ɗora LibreOffice a kan duk kwamfutocinsa, ODT ya fi masa. Sharaɗin shi ne kowa ya koma tare. Idan rabin ma'aikata na Word rabi na LibreOffice, kai-komon nan ne zai dawo, gara a tsaya a DOCX a daidaita fon.

Marubuci mai littattafai ya fi kowa sauƙi, don labari zallar rubutu ne. Ya ajiye uwar a ODT, ya cire wa maɗaba'a DOCX duk lokacin da ta nema. Takardun da aka riga aka sa wa hannu, yarjejeniya, takardar gado, sakamakon jarrabawa, bayanin taron da aka amince da shi, waɗannan PDF/A ne wurinsu, domin ba a son su canja ko da waƙafi. Wanda kuma aikinsa ya dogara da makro ko fom masu sarƙaƙiya da aka gina a Word, ya bar su a gidan Microsoft. Sake gina su a wani wuri aiki ne na musamman, ba juyi ba.

Wajen yin juyin kansa, in ODT ka nufa, ka yi da LibreOffice maimakon Word, tunda tsarin gidansa ne. In DOCX ka nufa, ka yi da Word. Kafin ka fara, ka kammala duk gyare-gyaren da aka bi sawunsu da Track Changes, ka karɓi na karɓa ka ƙi na ƙi. Fayil ɗaya Save As ya ishe shi. Masu yawa kuwa, LibreOffice na da Document Converter a ƙarƙashin File, sannan Wizards: ka nuna masa foldar da tsofaffin suke da wadda sababbin za su shiga, ya bi su har ƙananan foldoji, ba ya taɓa na asali. Mai Linux layi ɗaya ya ishe shi:

soffice --headless --convert-to odt --outdir sabo *.doc

Haka nan LibreOffice na buɗe fayilolin WordPerfect da Microsoft Works, har da na Publisher ta ɓangarensa na Draw, ga wanda ajiyarsa ta kai can baya.

Kada ka goge .doc ɗin bayan an gama. Fayilolin rubutu ba su da nauyi, dubbansu ba za su cika ƙaramin filashi ba, kuma su ne abin komawa idan an gano juyi ya ci wani abu. Sababbin fayilolin za su ɗauki kwanan watan ranar juyi, don haka in ranar asali na da amfani, ka sa ta cikin sunan fayil tun kafin ka fara, kamar 2004-03-bayanin-taro. Sannan ka tsamo guda goma daga cikin mafi wuya, masu tebur da hoto da lissafi da lambar Romawa, ka buɗe tsoho da sabo gefe da gefe, ka gwada yawan shafi da shafin ƙarshe na kowanne. In waɗannan sun tsallaka, sai ka saki sauran.